An ce su bar ajin lakwal kafin a koma karatu: mai goyo sai ina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gidan da ƙanwata take haya a unguwar Garin Malam, nan Damagaram, ya faɗi a ruwan watan Agusta. Ita da yaranta uku, ƙaramin yana goye, suna kwana a ajin wata lakwal ta firamare tare da wasu iyalai. Mijinta yana ci-rani a Libiya. Yanzu an ce su kwashe kayansu kafin a koma karatu. Wani ɗan'uwanmu da ke Ingila ya ce can ma sati shida kawai hukuma ke ajiye mai ƙananan yara a masaukin wucin gadi. Shin hukuma na da ikon sa wa mai jariri wa'adi? Me ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ya tsare gaba, ya raya yaran.

Hukuma na da ikon cewa aji ya koma hannun ɗalibai, kuma ba zan ba ka shawarar ku ja da wannan ba. Amma wa'adi iri biyu ne, Malam, kuma mutane na yawan haɗa su wuri guda. Akwai wa'adin da ake ɗora wa hukuma, a ce mata kada ta bar mai yara a wurin da bai dace ba fiye da kwana kaza, ta nema masa inda ya fi. Akwai kuma wanda ake ɗora wa talaka, a ce masa ranar kaza ka fita, inda za ka kuwa ruwanka. Kwanakin na iya zama daidai, amma wanda ke ɗauke da nauyin daban ne. Duk abin da za ku yi daga yau zuwa ranar komawa lakwal shi ne ku sa wa'adin da aka ba ƙanwarka ya zama irin na farko.

Maganar ɗan'uwanku na Ingila gaskiya ce, sai dai ya ɗauko ta a juye. A Ingila akwai wata ƙa'ida ta 2003, wadda ta fara aiki a watan Afrilu na 2004. Ta shafi irin ƙananan masaukan baƙi na ƴan kasuwa, inda iyali ke samun ɗaki guda su riƙa haɗa makewayi ko wurin wanka ko madafa da wasu. Ƙa'idar ta ce irin wannan wuri bai dace da mace mai ciki ko iyali mai yara ba. Ƙaramar hukuma ba za ta sa su a ciki ba sai in babu wani wuri sam, kuma ko an sa su, kada su wuce sati shida. In sati shida ya cika iyalin na nan, hukuma ce ta karya doka, ba iyalin ba. Ba a fitar da su titi. Wajibi ne a sama musu wani masaukin da ya dace. Akwai ma ofishin sauraron koke-koke kan ƙananan hukumomi, wanda ya sha cewa a biya iyalai diyya saboda an bar su sun zarce wa'adin. A Sikotland kuwa abin ya fi tsauri, domin a 2017 sun rage nasu wa'adin daga kwana 14 zuwa kwana 7.

Kada ka ɗauka can komai daidai yake tafiya. Ƙananan hukumomi da yawa na karya wannan ƙa'ida saboda gidajen ba su isa ba. A 2024 iyalai sama da 100,000 ne ke zaune a masaukin wucin gadi a Ingila, cikinsu da yara sama da 150,000, kuma shi masaukin wucin gadin da ya dace, wanda ake mayar da mutum bayan sati shidan, ba shi da iyakar kwanaki. Akwai yaron da za a haifa a ciki har ya shiga lakwal ba a ba iyayensa gida na dindindin ba. Amma dai ko a takarda ne, an san wanda ake bi bashi.

Faransa, wadda dokokinmu suka fi kama da nata, ta bi wata hanya. Tun dokar 5 ga Maris 2007 suka kafa cewa wanda aka karɓa a masaukin gaggawa yana da ikon ci gaba da zama har sai an nuna masa wani wurin da zai koma. Mace mai ciki da uwar da ke riƙe da yaro ɗan ƙasa da shekara 3 ita kaɗai kuwa, nauyinsu na kan hukumar yankinsu mai kula da yara. A aikace mutane na kiran lambar 115 a ce musu babu wuri, har da masu goyo. Duk da haka ka lura da ginin dokar: ba ta ƙirga kwanaki, abin da take tambaya shi ne ina za a kai mutumin.

Irin wa'adi na biyu, wanda ɗan'uwanku yake zato shi ne na Ingila, a Amurka aka gan shi ƙarara. A watan Oktoba na 2023 magajin garin New York na lokacin, Eric Adams, ya sanar cewa iyalan baƙin haure masu yara kwana 60 za su yi a masaukin birni, sannan su fita ko su sake neman wuri daga farko. Jihar Masacuset, wadda tun 1983 take da dokar da ta ba iyalai masu yara haƙƙin masauki, ita ma a 2024 ta sa iyakar wata 9. Hujjarsu guda ce: wuri ya cika, kuɗi sun ƙare, kuma wai wa'adi na zaburar da mutum ya nemi mafita. Ni dai a ganina wannan hujja ta ƙarshe ba ta da ƙarfi. Wa'adi na zaburar da wanda yake da inda za shi amma yake jan ƙafa. Wanda ba shi da ko'ina, abin da wa'adi ke yi masa shi ne ya riƙa ɗaukar yara daga wannan ɗaki zuwa wancan, lakwal ta yi nisa, likitan da ya san yaron ya ɓace, uwa ta rasa ɗan aikin da ta fara samu.

To mu dawo Damagaram. Wa'adin da aka ba ƙanwarka daga kalandar lakwal ya fito. Ajujuwa ne gine-ginen siminti da kwano da ke kusa da kowace unguwa, kuma a watannin Yuli, Agusta da Satumba babu kowa a ciki, shi ya sa duk shekarar da ruwa ya yi ɓarna nan ake fara zuba mutane. Da Oktoba ta ƙarato sai buƙatu biyu su yi karo, kuma dukansu na yara ne. Kowa ya tuna 2024, shekarar da tsohon masallacin Birni ya rushe a farkon Satumba. A faɗin ƙasa ruwa ya ci kusan mutum 400, ya shafi sama da miliyan 1.5, har gwamnati ta ɗage komawa karatu daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, saboda ajujuwa da yawa sun lalace, wasu kuma cike suke da waɗanda gidajensu suka faɗi. Wannan ya nuna maka ranar ba saukakkiya ba ce, mutane ne suka sa ta kuma suna iya matsar da ita. Sai dai ɗagewa irin wannan sai ɓarna ta game ƙasa ake yi. Kada ku ɗora lissafinku a kanta.

Abin da ƙanwarka za ta dogara da shi a doka yana nan. Nijar na cikin yarjejeniyar Kampala ta Tarayyar Afirka, wadda aka ƙulla a 2009 ta fara aiki a 2012, kuma a watan Disamba na 2018 ta yi dokar gida mai lamba 2018-74 kan kariya da taimakon mutanen da suka rasa matsuguni a cikin ƙasa. Ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta yi irin wannan doka bisa yarjejeniyar. Mutane da yawa na zaton ta ƴan gudun hijirar Diffa da Tillaberi ce kaɗai, alhali ta haɗa da wanda bala'i irin na ambaliya ya raba da gidansa. Yarjejeniyar ba ta faɗi adadin kwanaki ba. Abin da ta faɗa ya fi wannan amfani: hukuma ta samar da abinci da ruwa da matsuguni da magani, ta ba da kulawa ta musamman ga mata masu ciki, da iyaye mata masu ƙananan yara, da matan da ke riƙe da gida su kaɗai, kada a tilasta wa kowa komawa ko ƙaura zuwa inda ransa ko lafiyarsa ke cikin haɗari, a kuma shawarci mutanen a kan inda za su ƙare, ko komawa wurinsu na da, ko zama inda suke, ko sabon wuri. Ƙanwarka ta shiga rukuni biyu a cikin waɗannan: mai goyo ce, kuma ita ke riƙe da gida tunda maigidan na Libiya.

Ban ce ka ɗauki lambar doka ka je ka ɗaga wa daraktan lakwal murya ba. Shi ma umurni aka ba shi, kuma yaran da za su shigo ajin ƴaƴan maƙwabtanku ne, wataƙila har da babban ɗan ƙanwarka. Amfanin sanin dokar shi ne ka san tambayar da za ka yi da wanda za ka yi wa. Wurin zuwa shi ne mai unguwa, sannan ma'aikatar magajin gari ta yankinku, tunda Zinder yanki biyar ce kuma kowane da nasa ofishin, sannan wakilan gwamnati masu kula da agaji da bala'o'i a jiha. Ku je a ƙungiyance, iyalan ajin gaba ɗaya, mata su fi yawa a cikin masu magana. Kada ku ɓata baki wajen roƙon ƙarin kwana kawai. Ku ce: mun ji ranar, mun yarda yara su shiga aji, ina aka tanadar mana, yaushe za a kai mu, kuma me ke wurin?

Kafin wannan ma akwai abin da ya fi gaggawa, kuma a nan ne na fi ganin mutane na faɗuwa. Ka tabbatar sunan ƙanwarka na cikin takardar ƙidayar waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna, da sunanta ita, a matsayin gida mai zaman kansa, da adadin yaranta da shekarunsu. Masu ƙidaya kan tsaya a ƙofar gidan da ya faɗi su tambayi na wane ne, sai a rubuta mai gida, ɗan haya kuwa a manta da shi. Daga baya in tallafi ya zo, hatsi ne ko tanti ko kuɗi ko fili, sai ya tafi ga wanda yake kwance a wani gidansa lafiya lau, wadda ke kwana a aji ta tashi a tutar babu. Haka kuma matar da mijinta ke ci-rani akan cusa ta ƙarƙashin sunan wan miji ko surukinta, rabonta ya bi ta hannun da ba lalle ya iso gare ta ba. In an riga an rufe ƙidaya ba ta ciki, mai unguwa na iya shaida a ƙara ta. Ka bi wannan da ƙafarka, kada ka aika yaro. In ruwa ya ci takardun haihuwar yaran da karnen rigakafi, ku faɗa tun yanzu a rubuta, domin lakwal za ta nemi ta babban.

Sai maganar wurin da za a kai su. A aikin agaji akwai ma'aunin da ƙungiyoyin agaji na duniya suka yarda da shi a matsayin mafi ƙaranci: kowane mutum ya samu murabba'in mita 3.5 na wuri mai rufi, lita 15 ta ruwa a rana, kuma makewayi guda kada ya wuce mutum 20. Ga mutum huɗu kamar su, murabba'in mita 14 ke nan, wato ɗaki mai mita 4 da 3.5. Ka riƙe waɗannan lambobi a ka, ka je ka ga wurin da idonka kafin a ɗora musu kaya a amalanke. A Zinder ruwan ne zai fi ba ka wahala, mu da ko a shekarar lafiya muke bin ƴan garuwa. Filin da aka kafa tantuna a bayan gari babu famfo, babu tankin da ake cikawa, babu makewayin mata daban mai ƙofa, wannan bai fi aji ba, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. In haka ka tarar, ku koma ku faɗa da ladabi cewa a gyara kafin a kwashe mutane, ko a ware musu wani ɓangare na filin lakwal a kewaye shi da zana na ɗan lokaci, yara na karatu a aji su kuma suna gefe. Ana yin haka, kodayake ba daɗi gare shi ba ga kowa.

Ka duba ƙasar wurin kuma. Garinmu a kan dutse yake zaune, ruwa ba ya nitsewa da sauri, sai ya gangara ya taru a tabkuna irin na Kanya ya cika ya tumbatsa. Filin da yake fayau a Oktoba yana iya zama hanyar ruwa a Agusta mai zuwa. Tsofaffin wurin sun san inda ruwa ke bi, ka tambaye su. Yamai ta ga wannan darasi: bayan ambaliyar 2012 an ba mutanen bakin kogi filaye a Seno, amma nisa da sana'a da kasuwa ya sa wasu suka koma inda suka fito. Wurin da uwa ba za ta iya zuwa aikatau ko sayar da ɗan abincinta ta dawo ba, ba za ta zauna ba, ko an ba ta takardar fili.

Dalilin da ya sa nake matsa wa maganar ƙananan yara shi ne lokacin da wa'adin ke faɗowa. Ƙarshen Satumba da Oktoba su ne ganiyar zazzaɓin cizon sauro, kuma daidai lokacin ne tamowa ke kai yara gadon likita a jiharmu, kafin sabon hatsi ya wadata. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 wata-wata ne a damina. Iyalin da aka kwashe tsakanin zagaye biyu sai masu rabon su zo su tarar ba kowa, yaro ya rasa nasa. Haka allurar rigakafi, haka awon tamowa. Jariri kuma ba ya jure abin da babba ke jurewa: gudawar kwana biyu daga ruwa marar tsabta na iya kayar da shi. Don haka duk inda za su koma, ƙanwarka ta je likitar unguwar ta nuna kanta a makon farko, ta rataya gidan sauro tun daren farko ko da a rumfa ne. Tun 2006 doka ta ce duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likitar gwamnati. Wani lokaci maganin kan yanke a ce a sayo, amma kada tsoron kuɗi ya hana ta kai shi da wuri.

Bayan zazzaɓi kuma sanyi na tafe. Tanti ko rumfar leda da ake jurewa a Oktoba, a Disamba da Janairu iskar hunturu na ratsa ta, ga ƙura, ga tarin yara. Wannan shi ne wa'adin da ni nake ƙirgawa, fiye da na lakwal. Mai gidan laka ba ya iya fara gini sai ruwa ya ɗauke, ƙasa ta tsane, a buga tubali ya bushe, kuma a yi shi tun tabkuna na da ruwan kwaɓa. Abin da ya dace hukuma ta yi shi ne ta auna zaman wucin gadi da wannan lissafi, ta ce daga aji zuwa tanti kafin komawa karatu, daga tanti zuwa ɗaki kafin sanyi ya kama, ta kuma faɗi abin da ita za ta kawo a kowane mataki. Wa'adi irin wannan ina goyon bayansa, domin rashin wa'adi ma cuta ne. Na ga inda aka kafa tantuna aka ce na ɗan lokaci ne, masu agaji suka janye, leda ta yayyage, damina ta sake zagayowa ta same su a nan. Inda ba a sa wa hukuma rana ba, ba ta gaggawa.

Ita ƙanwarka da yake ƴar haya ce, ba gini ne a gabanta ba, ɗaki ne. Ka sani kuɗin haya kan tashi bayan irin wannan ɓarna, saboda masu nema sun yi yawa ɗakuna sun ragu, kuma masu gida kan nemi na wata biyu ko uku a dunƙule. In ta biya haya gaba a gidan da ya faɗi, ku je wurin mai gidan da dattijo guda ku nemi ragowar, ko alkawarin ɗaki in ya sake ginawa, a gaban shaidu. In akwai tallafin kuɗi a hannu da ake rabawa, ga irinta ya fi tanti amfani, ta faɗi haka in an tambaye ta abin da take buƙata. Ku kira mijin a yi lissafi da shi a fili: nawa zai iya aikowa, yaushe, ta hannun wa.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba amma zan faɗa, tunda kai ne yayanta. Yawancin waɗanda ruwa ke kora a ƙasar nan a gidajen dangi suke ƙarewa, ba a tantin hukuma ba. In kana da ɗaki ko zaure da za a gyara, ko wata gwaggo mai fili a gida, ɗaukar ta da yaran na wata biyu ko uku ya fi kowane sansani, musamman ga na goye. Sai dai ku yi shi da ido biyu. Kada ta bar ajin sai sunanta ya tabbata a takarda, an kuma rubuta unguwar da ta koma da lambar wayar da za a same ta, domin sau da yawa rabo na bin waɗanda ake gani a wurin ne, wanda dangi suka ɗauka a ɗauka ya warke. Ku kuma yi magana da matar gidan tun kafin a shigo da kaya: wata nawa, tukunya ɗaya ko biyu, wa zai sayi ruwa. Zumunci da yawa ya ɓaci a kan abin da aka ji kunyar faɗa a ranar farko.

In ranar ta zo ba a nuna musu ko'ina ba, kada su kulle kansu a aji, kada kuma su watse kowa ya kama gabansa. Su tsaya tare, mai unguwa ya kira wakilin magajin gari ya zo ya gani, a rubuta sunayen masu ciki da masu goyo daban a miƙa masa hannu da hannu, ku riƙe kwafi. Ka ɗauki hoton takardar da wayarka, ka kuma rubuta ranar da sunan ofishin da ya karɓa.